Auki

Saƙo ya shigo bayan la'asar
daga Zuwaira, ɗiyar ƙanena Ilu,
wadda aka haifa can bayan teku,
Hausarta ba ta wuce "ina kwana" ba.
Wai in rubuta mata da Ingilishi
yadda Iya Magaram ke dafa shinkafa.

Shekara goma sha tara ke nan
ina koya wa yaran Damagaram harshen,
alli ya ci mini yatsu.
Na ce wannan ai ba aiki ba ne.
Na jawo kujera ƴar tsugunne bakin murhu.

Wanki, na rubuta. Tsince tsakuwa, na rubuta.
Gishiri, mai, albasar Mirriya,
duk suka haye ba gardama
kamar awaki a hanyar da suka saba.
Sai Iya ta ɗaga murfi,
tururi ya rufe mata fuska, ta ce,
"Gaya mata ta nemi mai auki."

Nan alƙalami ya cije.

Na ɗauko ƙamus ɗin da gara ta ci wa baya.
Kalmar farko ta fito tana ɗingishi,
ta ƙafar da kunama ta harba ce,
ta kuncin mai ciwon haƙori.
Wa zai zuba wa ɗiyarsa kumburi a kwano?
Ta biyu ta injiniyoyi ce,
ƙarfe in ya sha rana,
hanyar Tanut in an ƙara mata faɗi.
Ta uku ta burodi ce,
shi kuwa burodi iska ya haɗiya,
matse shi a tafi ka ga ƙaryarsa.
Akwai ninki biyu, akwai ninki uku,
lissafin ƴan tiya a kasuwar Dole:
daidai ne, sai dai ba ya ƙamshi.

Na ce, "Iya, wai mene ne auki?"
Ta dube ni kamar na tambayi sunanta.

"Kai da ka ci shi ka girma?
Shekarar da famfon Birni ya ƙafe,
muna awon ruwan garwa kamar turare,
baƙin ubanka suka sauka daga Gure,
mutum goma sha ɗaya, ba aike, ba sanarwa,
rabin tiya ya rage a buhu.
Na yi bismillah na zuba.
Kafin isha tukunya ta ture murfinta.
Kowa ya ci ya sha ruwa ya yi gyatsa,
da safe kai ka kankare ƙanzo.
To shi ne."

Ta koma ga wutarta.

Na zauna ina juya maganar.
Albashina ba shi da auki,
ranar goma ga wata ya tsotse.
Maganar Iya tana da shi,
kalma huɗu ta ishe ka mako.
Ta ina zan ratsa da wannan
zuwa garin da ake sayen shinkafa a kwali,
an rubuta minti nawa a gefe?

Na rubuta: kowace ƙwaya za ta sha ruwa
har ta matsi ƴar uwarta,
kofi ɗaya ya kwanta, uku su tashi.
Ingilishin ya tsaya da ƙafarsa,
ba wanda zai sa masa jan biro.
Duk da haka na ƙara layi a ƙasa,
haruffa huɗu, tsirara, ba fassara,
na ɗauki ƙarar murfi yana rawa
na haɗa na tura.

Cikin dare, an ɗauke wuta,
muna kan tabarma a tsakar gida,
muryar Zuwaira ta fito daga waya
tana gwada kalmar a baki kamar tsamiya:
"Ai-ki. Ai-ki."

Na kai yatsa zan gyara mata.
Iya ta riƙe mini hannu tana dariya.
"Ƙyale ta," in ji ta,
"yarinyar ba ta yi nisa da gida ba."